Na Tura Kyaftin Hasumiya

Lahadi, 3 ga Satumba

Bari in rubuta abin tun daga tushe, don in na huce kada in zargi kaina da zuzutawa.

Kashi na biyu na Jirgin Gishiri ya iso. (Sunan gem ɗin na gaskiya dogo ne, mu haka muke ce masa.) Muka haɗu da yamma a ɗakin bayan shagon Mai Hoto kamar kowace Lahadi, talabijin a kan tebur, bayansa labulen nan mai zanen ruwa yana zubowa daga dutse. Mu biyar: Mai Hoto, Dogo, Direba, ni, sai Lauya mijin ƙanwata Auta. Ba lauya ba ne, taya yake sayarwa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan.

Shekara takwas ke nan da muka gama kashi na ɗaya a ɗakin nan, da rimot ɗaya. Dokokinmu ba su canja ba. Kowa ya buga har ya mutu ko ya kai ƙarshen zango, sai ya miƙa wa na damansa. Zaɓin da ya fito kana riƙe da rimot naka ne; a yi ta yi maka ihu a kunne, amma ba mai taɓa ka. Ba a komawa baya a gyara. Ba a leƙen gaba a intanet.

A ƙarshen na ɗaya rimot yana hannuna aka kama Matuƙi, wanda ya sayar da jirginmu ga 'yan fashin teku. Aka ce a jefa shi ruwa ko a bar shi da ransa. Su huɗu suna cewa in jefa. Na bar shi. Ni kaɗai na tsaya ina karanta maganganunsa tun farkon wasan, na san ɗansa suka kama suka tilasta masa. Kamfanin kuma ya ce abin da ka zaɓa zai bi ka zuwa kashi na gaba. Tun ranar nake adana ajiyar wasan a filashi. Duk shekara sai na jona shi na tabbatar bai lalace ba.

Yau na je da shi a aljihun gaba. Gem ɗin bai ko tambayi tsohuwar ajiya ba. Ya buɗe ne da Kyaftin tsaye a bakin jirgi tana nuna wa sababbin ma'aikata ruwa, wai a daidai nan muka jefa maci amana.

Muka jefa. Ni da wa?

Lauya ya yi dariya har da kwanciya a kan benci. Na san na miƙe tsaye na yi magana da ƙarfi. Ban tuna duk abin da na ce ba.

Litinin, 4 ga Satumba

Amsoshin da ya kamata in ba Lauya jiya duk yau suka zo mini, ina gaban injin yanka gilashi.

Shi cewa yake labari ƙashin baya ɗaya gare shi. "Yaya, mutum nawa suka buga abin nan a duniya? Kowa sai a ɗinka masa nasa?" Wai tun asali jefawar ita ce labarin, barin da na yi kuskure ne, kamfani ya gyara mini cikin mutunci.

Ni kuma abin da nake nufi, wanda ban iya faɗa ba: in ka san ba za ka yi aiki da amsata ba, kada ka tambaye ni. Kamar mu ne a shagon tabarau, Likita ta zaunar da mutum ta yi ta canja masa gilashi, wannan ya fi ko wancan, ya gama zaɓa, ni kuma in shiga ciki in yanka masa wanda na ga dama.

Misalin nan ya yi. Jiya ya kamata ya zo.

Ko dai ni ne ban fahimta ba? Wataƙila akwai wurin jona tsohuwar ajiya muka tsallake. Zan tambayi Mai Hoto.

Talata, 5 ga Satumba

Babu wurin.

Alhamis, 7 ga Satumba

Ashe Lauya yana ɗaukata a waya. Ya sa bidiyon a babban guruf ɗin masu wasa, inda waɗanda ban taɓa gani ba suka fi yawa. Ga ni tsaye gaban labulen ruwa, na ɗaga filashi sama, muryata ta sirance ina cewa "yana da rai, a nan ciki yana da rai." Ya rubuta a ƙasa: Baban Matuƙi ya zo karɓar gawa.

A wurin mai karɓar baƙi ta shagonmu na fara gani, ƙaninta yana guruf ɗin. Ta kifa wayar da sauri amma na riga na ji muryata. Da rana Likita ta leƙo ɗakin yanka da fuskar jaje, ta ce ta ji an yi mini rashi, wane ne? Da gaske take.

Na kira Lauya. Ban ɗaga murya ba. Na ce ya cire. "Haba Yaya, ai gem ne kawai." Injin ba da iska yana ta ƙara a bayansa, ko kashe shi bai yi ba ya saurare ni.

Mutumin da ya zo gidanmu neman Auta yana sunkuyar da kai, ko ido ba ya iya haɗawa da ni.

Asabar, 9 ga Satumba

Na rubuta hujjojina a guruf, a tsare, har da misalin gilashi. Sai da na karanta na sake karantawa kafin na tura. Guruf ɗin dama ya rabu biyu: masu cewa zaɓin ɗan wasa amana ne, da masu cewa kamfani ke da labarinsa. Wani daga ɓangarenmu ya ce ai jimla ɗaya ta isa, a ce Matuƙi yana wani tsibiri yana kamun kifi, wa hakan zai kashe? Na ji daɗin wannan. Sauran kuwa sitika suka yi ta turowa. An yanko ni daga bidiyon, hannu sama, baki buɗe.

Matata ta ce, "Kai da mijin ƙanwarka, a kan mutumin da ko takalmi ba shi da shi a duniya." Ta ce in daina zuwa kawai. In daina in je ina? Ban da ɗakin nan, daga gida sai aiki.

Lahadi, 10 ga Satumba

Na je. Na buga nawa, na miƙa. Da suka tsokane ni murmushi na yi. Wasan yana da kyau, abin haushin ke nan.

Laraba, 13 ga Satumba

Na gaishe da Auta a waya da safe, ta amsa mini da sitikar. Ta goge nan take, wai yara ne suka taɓa. Ke nan tana cikin wayarta.

Lauya zai ji abin da na ji. Ban san ta yaya ba tukuna.

Jumma'a, 15 ga Satumba

Na karya doka. Lokacin cin abinci na tura ƙofar ɗakin yanka, na sa abin sauraro a kunne, na nemo bidiyon wani da ya buga wasan har ƙarshe. Da farko Matuƙi nake nema, ko za a ambace shi a gaba. Ba a ƙara ba.

Amma na samu wani abu.

Wajen tsakiya akwai zangon hasumiya. Jiragenmu za su ratsa cikin duhu, dole wani ya hau ya kunna musu fitila. Gem ɗin zai tambaya wa za a tura: Kyaftin ko Maƙerin jirgi? Tambayar ba ta yi kama da babba ba, ko kiɗa ba a canjawa. In Maƙeri ya hau, zai kunna ya sauko da gudu kafin igwar maƙiya ta sami hasumiyar. In Kyaftin ce, ba ta saukowa. Ƙafar katako gare ta.

Na nemi bidiyo na biyu na tabbatar. Haka ne. Sauran wasan duk babu ita.

Kyaftin ita ce ran Lauya. Hotonta ne manne a ƙofar shagonsa, tun yana sabo har rana ta cinye kalarsa.

Asabar, 16 ga Satumba

Na san abin da zuciyata za ta ce, bari in faɗa in wuce. Muna tsakiyar kashi na ɗaya Lauya ya yi haɗarin babur, ƙafar hagu ta karye. Watanni muka mayar da Lahadi ɗakinsa, ni na ɗauki talabijin a ka na hau da shi bene. Har yau yana ɗingishi in ya gaji.

To sai me? Tasa ƙafar tana nan. Kuma ai shi ya ce gem ne kawai.

Litinin, 18 ga Satumba

Matsalar juyin rimot ce. Tambayar tana fitowa a farkon zangon, ke nan dole na haguna ya gama zangon da ke gabansa, mashigin duwatsu, ya miƙo mini. Na haguna Direba ne. Direba bai taɓa shiga ruwa ya fito da rai ba. In ya mutu a mashigi ni zan ƙarasa, in miƙa wa Mai Hoto, shi kuma duk abin da Lauya ya ce shi yake dannawa.

Wanda zai iya gama mashigi a tashi ɗaya Lauya ne. Dole in koma damansa. Da hannunsa zai ba ni.

Yau na juya kusurwar gilashin wata tsohuwa. Sai da ta sa ta ce ƙasa tana gangarewa. Na sake yankawa. Rabon da in yi irin wannan har na manta.

Lahadi, 24 ga Satumba

Na ce hasken taga yana dukan tabarauna, Direba ya musanya wuri da ni. Ba wanda ya yi musu, a kan gilashi ba a ja da ni.

Sannan dole juyin ya faɗo daidai, mashigi ya zo a hannun Lauya. Na auna zangunan da suka rage, na ga sai na mutu da wuri. Ni da ba na mutuwa. Ni ne mai laɓewa bayan ganga har Dogo ya fara hamma. Yau na tafi kai tsaye na faɗa ruwa. Lauya ya ce, "Baban Matuƙi ya bi ɗansa." Har Mai Hoto ya yi dariya. Na yi tare da su.

Zama kusa da shi ba daɗi. Yana bugawa yana jijjiga gwiwa, in Kyaftin tana magana leɓensa yana bin ta. Daga can gefe ban taɓa lura ba.

Alhamis, 28 ga Satumba

Mama ta zame a banɗaki. Ina wurin aiki, wayata tana aljihun rigar da na rataye. Kafin in gani Lauya ya rufe shago ya kai ta asibiti, an ɗaure hannun, ya kawo ta gidana. Na tarar da shi zaune a ƙasa yana ɓare mata lemo, yana ba ta labarin wani da tayoyinsa huɗu duk sun cinye ya zo sayen guda ɗaya, wai sauran za su yi koyi da ita. Mama tana dariya tana tallafe da hannu.

Na raka shi bakin ƙofa da niyyar in bar maganar. Wallahi da niyyar. Ya hau babur, yarana suna tsaye, ya ce, "To Baban Matuƙi, sai Lahadi." Babbar ta toshe baki. Ashe su ma sun gani.

Shi ke nan.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Mun tsaya a bakin mashigi, rimot a hannun Lauya. Daidai. Mai Hoto ya ce a ƙara zango ɗaya, na ce kaina yana ciwo. Ba na son ya shiga ruwan nan a gajiye ya mutu mini.

Asabar, 7 ga Oktoba

Bayan an tashi na gwada maganar a gaban madubin masu zaɓen firam ɗin tabarau. Ba da dariya ba, ba da fushi ba. A sake, yadda ya faɗa mini.

Abin da ban warware ba: in na yi shiru zai ɗauka tsautsayi ne, ba mai zargina. Amma in bai san ni ne ba, me na rama?

Lahadi, 8 ga Oktoba

Ya gama mashigi a tashi ɗaya, kamar yadda na sani. Ya miƙo mini rimot ko kallona bai yi ba, yana koya wa Direba yadda ake iyo. Rimot ɗin da ɗumin hannunsa.

Tambayar ta fito. Dogo ya ce Kyaftin ta fi sanin alamar fitila. Direba ya ce duk ɗaya ne, a yi sauri. Lauya ya ce, "Tura Maƙeri, Yaya, bene ne." Haka kawai, yana shan ruwa. "Yaya" ya kira ni, ba ɗaya sunan ba. Na lura. Na danna Kyaftin.

Ga abin da ban sani ba. A bidiyon tsallakewa na riƙa yi zuwa sakamako. Ashe ni zan hau da ita. Matakalar zagaye take, doguwa, ba a gudu. Kowane taku sai katakon ya buga, ta ja numfashi. In na saki sai ta jingina da bango ta jira ni. Lauya ya ajiye ruwan ya matso gaba, yana cewa a hankali, a hankali, nan a karye yake. Ita yake wa magana ko ni, ban sani ba. Na so ta zame tun a nan in miƙa wa Direba ya ƙarasa. Ba ta zame ba. Ban taɓa bugawa da kyau irin na yau ba.

Ta kunna. Jiragen suka fara ratsawa, Dogo yana tafi. Sai igwa. Matakala ta kama wuta daga ƙasa. Ta leƙa, ta dawo, ta zauna kusa da fitilar. Ta kwance ƙafar ta ajiye a gefe kamar mai shirin kwanciya, ta ci gaba da juya hasken da hannu har jirgi na ƙarshe ya wuce.

Ana jin firijin shagon maƙwabta ta bango.

Mai Hoto ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ko a koma baya, sau ɗaya dai. Lauya ya ce ba a komawa.

Nan ne wurin yin shiru, in da zan yi. Na juya na ce, "Ai gem ne kawai." Ta fito daidai yadda na gwada.

Ya daɗe yana kallona. "Ka leƙa, Yaya." Ba tambaya ba ce. Sai ya dubi inda nake zaune, ya dubi Direba, ya dubi taga. Na ga lokacin da ya gama haɗa abin.

Ya ce zai je ya rufe shago. Ba ya buɗewa ran Lahadi. Ya fita yana jan ƙafar, ko dai idona ne.

Na rama. Ga shi na rubuta: na rama.

Litinin, 9 ga Oktoba

Na yi barci lafiya. Na rubuta ne don kada daga baya in ce ban yi ba.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Lauya bai zo ba. Muka zauna mu huɗu, ba a kunna ba. Dogo ya ce tunda na leƙa zaɓin ya ɓaci, a koma gindin hasumiya. Na ce laifin leƙe daban, a hukunta ni, a hana ni rimot, amma zaɓi zaɓi ne. Abin da nake faɗa ke nan tun farko, ba zan canja ba don yau bai yi wa wani daɗi ba. Direba ya ce, "Kai Mai Tabarau, in kana da gaskiya ɗaki ƙanƙancewa yake."

Mai Hoto ya kira Lauya, ya buɗe murya kowa ya ji. Lauya ya ce kada a koma saboda shi, doka doka ce, a ci gaba. Mai Hoto ya ce za ka zo? Ya ce aiki ya yi yawa.

Muka ci gaba. Maƙeri ne shugaban jirgi yanzu. Bai iya magana ba, kullum kamar mai karanta takardar magani. Zaɓi ya fito a hannun Dogo, ya juyo yana jiran a yi masa ihu. Ba wanda ya yi.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Auta ta kawo tabaraun Mama, hannunsa ɗaya ya saki. Ƙaramin aiki ne, na ja shi. Ta tsaya a ƙofar ɗakin yanka, ta ƙi zama.

"Yaya, me ka yi masa?" Na ce ta tambaye shi me ya yi mini. Ta ce ta sani, tun ranar ta yi masa faɗa a kan bidiyon. (Ta yi masa faɗa, sitika kuma tana wayarta.) Ta ce ya ɓare hoton Kyaftin daga ƙofar shago. Wai lokacin da yake kwance, in mai koya masa tafiya ya zo ya ƙi tashi, ita takan ce masa matar nan da katako ma tana hawa jirgi. Sai ya tashi. Yana mita yana tashi.

Ban san wannan ba. Ko na sani? Wasu lokutan ina ɗakin.

Na ce mata ni wa ya tambaye ni me Matuƙi yake a wurina? Ta ce, "To mene ne shi a wurinka?" Na ɗaure sukurun na ba ta.

Har yanzu ina neman amsar. Ina jin dai shi ne karo ɗaya da su huɗu suka ce abu na ce a'a, kuma tawa ta zauna.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Direba ma bai zo ba, wai tafiya. Mai Hoto ya jera kwalayen takardar hoto a kan benci, daidai wurin Lauya. Ya ce in dai taron watsewa zai yi yana da amfanin da zai yi da ɗakin, kaya sun yi masa yawa a gaba. Ba ni yake kallo ba da yake faɗa.

Wanda ya ɗauki bidiyo shi ya fara. Wannan ba ya canjawa.

Laraba, 25 ga Oktoba

Na bi ta layin masu taya, hanyar ta fi rashin cunkoso. A ƙofar shagon Lauya akwai wuri mai kusurwa huɗu da fentinsa ya fi sauran haske. Yana ciki, ya ba hanya baya, yana mirgina taya. Ban tsaya ba. Hanyar ma ba ta fi rashin cunkoso ba.

Litinin, 30 ga Oktoba

Ana raɗe-raɗin kashi na uku. Guruf ya sake kamawa da wuta. Wani ya kafa ƙuri'a: a bi ajiyar kowa, ko kamfani ya tsayar da labari ɗaya kamar wancan karon. Masu bin diddigi sun ce in labari ɗaya ne, to Maƙeri ne ya hau hasumiya, don yawancin mutane shi suka tura. Ke nan Kyaftin za ta dawo kamar ba a yi komai ba.

'Yan ɓangarenmu suna ta kirana. Baban Matuƙi ina kake, fito ka yi musu bayanin gilashi. Sunan ya zama na girma yanzu, sitikar ma tuta suka mayar da ita. Abin da na so ke nan a watan jiya.

Na duba sunayen ɓangarorin biyu. Lauya ba ya cikin ko ɗaya.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Na kaɗa ƙuri'ata da safe kafin in kunna inji. Labari ɗaya. Na san ƙuri'ar tana nuna suna.

Ra'ayina yana nan inda yake: wanda ka tambaya, ka yi aiki da amsarsa. Sai dai na yi tunani, tambayar hasumiya ba a yi ta da gaskiya ba, ba a gaya wa mutum abin da ke cikinta ba. Irin wannan in kamfani ya gyara ba laifi. Dalilin ke nan. (Ni na san abin da ke ciki. Amma ai maganar yawancin mutane ake.)

Mutanenmu sun yi mini ca. Wani ya ce sace wayata aka yi.

Wajen azahar saƙon Lauya ya shigo, ba ta guruf ba. "Yaya, yatsa ne ya zame?"

Na gama firam ɗin da ke hannuna, na wanke gilashin, na ɗaga shi a haske. Sannan na rubuta masa cewa da tabarauna na danna.

Ya gani. Bai amsa ba.

Da aka tashi na biya ta wurin Mai Hoto, na ce kwalayen nan danshi zai kama su a ɗakin baya, in yana so in taya shi mu mayar da su gaba. Ya dube ni, bai ce ɗakin ba ya danshi ba. Mun mayar.